Tirelata ta kife, inshora ta ce ko rabin gyara ba za ta biya ba

Mai Mota Ɗaya:
Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa ban taɓa saka baki ba, yau dai tura ta kai bango.

Wata goma sha huɗu ke nan da na sayi tirela, ta hannu ce amma lafiyarta ƙalau. Wani ɓangare na kuɗin nawa ne, sauran bashin banki, kuma bankin ne ya ce sai na yi mata cikakkiyar inshora kafin ya saki kuɗi. Na yi, ban taɓa jinkirta biya ba. Mako shida da suka wuce, wajen ƙarfe uku na dare, wayata ta yi ƙara. Duk mai babbar mota ya san abin da kiran ƙarfe uku yake nufi. Direbana ne, murya na rawa: tayar gaba ta fashe a kan kwana, mota ta kwanta. Alhamdu lillahi shi da yaron motar sun fita da ƙafarsu, ba su kuma taɓa kowa ba. Ko da na isa gari ya waye. Kan motar ya lotse ta ɓangaren direba, gilashi ya zama gari, dizal na tsiyaya cikin kwata, kwalayen tayil ɗin da muka ɗauko sun watse a gefen titi. Takalmin direban ƙafa ɗaya na nan maƙale a ƙarƙashin birki.

Na kai rahoton 'yan sanda, na cike duk takardar da suka miƙo mini. Jiya kamfanin inshorar ya kira ni ofis. Wata ma'aikaciya ta buɗe yarjejeniyar, ta ɗora yatsa a kan wani layi a shafi na bakwai, ta karanta mini shi cikin sanyin murya kamar mai yi mini albishir. A taƙaice, abin da za su ba ni bai kai rabin kuɗin gyara ba. Kayan mutane da suka farfashe, ko anini. Kuɗin janwe da ƙugiyar da ta ɗaga motar, wai akwai iyakar da suke biya, ni kuwa na ninka ta uku. Mai kaya na kirana safe da yamma, banki kuma ranar 28 ga wata yake jira, babu ruwansa da mota ta kife.

Cutata aka yi, ko haka abin yake? In ɗauki lauya?

Yaron Mota:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Oga. Tun da rai ya tsira, da sauƙi.

Baba Gingimari:
Allah ya kiyaye gaba. Amma yaro ka ba ni dariya da tambayar nan. Ai duka biyun ne: haka abin yake, kuma cuta ce. Shekara talatin da ɗoriya ina kan titi, na yi yaron mota, na yi direba, yanzu ina da tawa. Ranar da za ka kai musu kuɗi har bakin ƙofa ake raka ka. Ranar da za su biya ka, ranar shafi na bakwai ke fitowa. Ni inshorar da doka ta tilasta, ta ɓarnar da mota za ta yi wa wasu, ita kawai nake yanka, don kada masu duba takardu su tsare ni. Sauran kuɗin ina ajiye abina, in mota ta lalace in gyara ta da hannuna. Lauya kuwa, ka ƙara wa kanka mai cin kuɗi na uku, bayan banki da inshora.

Malam Mai Takarda:
Wa alaikumus salam. Ina taya ka jaje, ɗan'uwa. Na yi shekaru a sashen biyan diyya na wani kamfanin inshora kafin na ajiye aiki, don haka Baba ya yi haƙuri, ɗaya daga cikin mutanen shafi na bakwai ne ke magana. Kafin kowa ya yanke hukunci, amsa mini abu uku. Nawa aka rubuta a takardar a matsayin darajar motar? Nawa irinta take a kasuwa ranar da ta kife? Kuma a cikin takardun akwai inda aka ambaci kayan da motar ke ɗauka? Ba sai ka faɗi ainihin kuɗin ba, faɗa mana kashi-kashi.

Mai Mota Ɗaya:
Malam, in motar 100 ce a kasuwa, abin da aka rubuta 60 ne. Daidai da bashin banki ke nan. Dillalin da ya yi mini takardar ne ya ce in rubuta haka, banki zai gamsu tunda kuɗinsa ya shiga, ni kuma abin da zan riƙa biya a shekara zai ragu sosai. Batun kaya kuwa na duba, ban ga komai ba. Na ɗauka tunda sunanta cikakkiya, komai na ciki.

Malam Mai Takarda:
To, ga inda gizo ke saƙar. Ba lallai maganar ta yi maka daɗi ba.

Abin da ke shafi na bakwai tsohon sharaɗi ne da ake samu a yarjejeniyoyin inshorar dukiya a ƙasashe da yawa. Idan ka yi wa abu inshora a ƙasa da darajarsa, ana ɗauka cewa kai ne ka ɗauki nauyin ragowar da kanka. Motar 100 ka rubuta 60, wato kamfani ya ɗauki kashi 60, kai ka ɗauki 40. Mutane suna zaton ai in ɓarnar ba ta kai 60 ba za a biya su duka. Ina! Kowace ɓarna, ƙarama ko babba, a wannan ma'aunin ake raba ta. A ce gyaranka 30 ne. Kashi 60 cikin ɗari na 30 shi ne 18. Daga 18 ɗin a cire ɗan kason farko da ka amince kai za ka riƙa ɗauka a kowane haɗari. Sannan in an sa wa motar sabuwar taya ko sabon batir a madadin tsofaffi, sai su ce ai ta fi yadda take kafin haɗarin, su sake ragewa, domin ƙa'idar ita ce a mayar da kai inda kake kafin asara, ba a kai ka gaba ba. Ka ga yadda 30 ta koma 14 ko 15.

Ita kuwa "cikakkiya", suna ne ya yaudare ka. Abin da take rufewa shi ne jikin motarka, gobara, sata, da ɓarnar da motar ta yi wa wasu. Kayan da ke bayanta takardarsu daban, kuɗinta daban.

Baba Gingimari:
Kun ji ko? Su sa wa abu suna cikakke, sannan su ce suna ne ya yaudare ka. Wa ya raɗa sunan, Malam? Direba ne?

Malam Mai Takarda:
A nan kam ba ni da ta cewa, Baba. Ka yi gaskiya.

Hajiya Mai Tireloli:
Ƙanena, sannu. Ni ba inshorar ce ta fi tsaya mini a rai a labarinka ba. Mako shida motarka na tsaye, kuma ka ce ranar 28 ce ke firgita ka. Wannan ya nuna mini a wata goma sha huɗu ba ka ware komai ba, kuma ba zan zarge ka ba domin ni ma haka na fara.

Shekarata ta farko, duk tafiyar da mota ta yi sai in cire kuɗin dizal da na direba, abin da ya rage in kira shi riba. Na yi ta murna har ranar da tayoyi shida suka ƙare a wata ɗaya, kuloci ya biyo baya. Sai na gane ashe motar nake ci da kaɗan-kaɗan ina cewa riba. Taya ba ranar da ta fashe take cin kuɗinka ba, kowace kilomita tana gutsura. Haka injin, haka giya, haka birki, haka darajar motar kanta.

Yanzu ina da wani littafi mai shuɗin bango, 'ya'yana na yi mini dariya wai ga kwamfuta. Na raba kowane shafi gida biyu. Gefe ɗaya abin da ke tafiya sai in taya ta juya: dizal, baƙin mai, taya, birki, kuɗin titi. Tirela mai lodi a kan titi mai kyau takan sha lita 30 zuwa 35 a kilomita 100, in injin ya tsufa ko hanya ta lalace ta wuce haka nesa. Ɗaya gefen kuma abin da ke tafiya ko motar na barci a gareji: banki, inshora, albashin direba, sabunta takardu, kuɗin wurin ajiya. Wannan gefen na biyu shi ke kashe mai mota ɗaya. Ba ya jin an yi ruwa, ba ya jin babu lodi, ba ya jin kan mota na wurin mai walda.

Akwai kuma abu biyu da sabon shiga ba ya sa wa a lissafi. Dawowa babu kaya: ka kai lodi kilomita 800 ka dawo fanko, an biya ka 800 amma 1,600 motar ta yi. Sai jiran kuɗi: mai dizal yanzu-yanzu yake karɓa, mai kaya kuwa sai ya ce bayan kwana 30 ko 60. Na ga wanda littafinsa ke nuna riba amma ya sayar da mota, saboda kuɗinsa na hannun mutane ranar da banki ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Ni ƙa'idata, duk motar da ba ta tara mini kuɗin zaman wata uku a asusunta na daban ba, ban fara cin ribarta ba tukuna.

Mai Mota Ɗaya:
Hajiya, kamar kina cikin gidana. Wallahi abin da na ɗauka riba ne na zuba a kafin alƙalamin mota ta biyu, wata biyu kafin wannan abu.

Hajiya Mai Tireloli:
Subhanallahi. In ana iya karɓo kuɗin, je ka karɓo gobe. Ko da za su yanki wani abu.

Oga Bakanike:
Ni tayar nake son a koma kanta, kowa ya tsallake ta. Alhaji, tayar gaba ba ta fashewa haka kawai, ruwa ba ya tsami banza. Sabuwa ce ko ta gwanjo? An taɓa yi mata faci? Ka duba shekarunta? A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1519, an yi ta a mako na 15 na 2019. Taya na iya zama da zane mai zurfi amma robar ta bushe ta tsattsage. Kuma abin da ya fi kashe taya shi ne ƙarancin iska da lodin da ya wuce ƙima, domin gefenta na lanƙwashewa yana ɗaukar zafi har ya rabu. Tayil kuma kaya ne mai nauyin tsiya, bodi bai cika ba amma sikeli ya riga ya wuce. Tan nawa kuka ɗora?

Mai Mota Ɗaya:
Tayoyin gaba sababbi ne, wata biyar. A nan ban yi wasa ba. Lodin ma an auna, ina da takardar sikeli, bai wuce ba. Direban ya ce wani ƙarfe ya taka.

Malam Mai Takarda:
Ka gode wa Allah da takardar sikelin nan, ka ɓoye ta kamar takardar gida. Da lodin ya wuce abin da aka rubuta wa motar, da ba rabi ake magana ba, kamfani na iya ƙin biyan gyaran gaba ɗaya. Haka in an gano wanda ke kan sitiyari ba shi da lasisin babbar mota. Na rufe fayil da yawa saboda direba ya ji barci ya miƙa wa yaronsa.

Yaron Mota:
Malam a daina tona mana asiri mana. To ta ina za mu koya?

Injiniyan Titi:
Bari in ɗan ratse tunda an taɓo lodi. Masu mota na ganin sikeli a matsayin wata hanyar tatsar kuɗi kawai, amma akwai lissafi a bayansa. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a Ottawa ta jihar Illinois a Amurka, aka gina tituna aka sa motoci masu nauyi daban-daban suna zagaya su dare da rana. Abin da aka gano shi ne ɓarnar da gatari ɗaya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, ke yi wa titi ba ta tafiya daidai da nauyinsa. In ka ninka nauyin sau biyu, ɓarnar kusan ninki 16 ce. A iyakar nauyin mota da lodinta, Amurka ta tsaya a fam 80,000 a manyan titunanta, kimanin tan 36, Tarayyar Turai kuma tan 40 ga mafi yawan tirelolin da ke tsallaka iyaka. Titi ke nan da aka yi da kwalta da dutse. Sai ka auna abin da ƙarin tan goma ke yi wa sifirin da birki.

Oga Bakanike:
Ni nake ganinsu, Injiniya. Mai obalodi abokin arzikina ne, duk wata sai ya zo gaishe ni.

Mai Mota Ɗaya:
To batun kayan fa? Mai tayil ya ce in biya shi duka har da ribar da zai samu. Direbana bai yi ganganci ba, ƙarfe ya taka.

Malam Mai Takarda:
Wannan ya danganta da dokar ƙasarku da abin da kuka rubuta tsakaninku, shi ya sa a nan ne lauya zai yi maka amfani, ba a kan shafi na bakwai ba. Amma ka sani, a dokoki da yawa mai ɗaukar kaya don a biya shi nauyinsa mai tsanani ne: ka karɓa lafiya, ka kai lafiya. Yarjejeniyar CMR da aka sa wa hannu a Janiba a 1956, wadda ke tafiyar da jigilar kaya ta titi tsakanin ƙasashen Turai da wasu maƙwabtansu, ta fito fili ta ce mai jigila ba zai kare kansa da cewa motarsa ce ta samu matsala ba. Sai dai ita ma ta sa masa rufi. Tun gyaran 1978, abin da zai biya ba ya wuce 8.33 na ma'aunin kuɗin Asusun Lamuni na Duniya a kan kowane kilo. Da nauyi ake biya, ba da tsadar kaya ba. In tayil ne ko siminti, rufin zai iya ɗaukar kuɗin duka. In wayoyin hannu ne cike da kwantena, mai kaya ya shiga uku, sai in shi ma ya yi wa kayansa inshora.

Don haka tambayi mai tayil ɗin, cikin lalama: shi ya yi wa kayansa inshora? In ya yi, kamfaninsa zai biya shi. Amma kada ka yi saurin murna, domin bayan sun biya shi suna da damar tsayawa a matsayinsa su biyo ka. Bambancin kawai da kamfani za ka zauna, ba da mutumin da ke kiranka bayan sallar asuba ba.

Ɗan Ci-rani a Amurka:
Salam. Yanzu na ajiye mota na ga wannan magana. Baba Gingimari, da girmamawa, tsarinka ba zai kwana ɗaya a nan ba. Ba za a ba ka izinin ɗaukar kayan haya tsakanin jihohi ba sai ka nuna inshorar ɓarnar da za ka iya yi wa wasu ta aƙalla dala 750,000. In wasu kaya masu haɗari ne, har dala miliyan 5. Adadin nan daga dokar 1980 ya samo asali, kuma har yau ba a ɗaga shi ba, ana ta jayayya a kai, domin kuɗin asibiti da hukuncin kotu sun yi masa nisa. A aikace ma yawancin dillalan kaya ba sa ba ka lodi sai sun ga miliyan ɗaya, da inshorar kaya daban.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne shekarar farko. Ba ka da tarihi, ba su san ka ba, sai su caje ka kamar ka riga ka yi haɗarin. Kamfanoni da dama ma ko farashi ba za su ba ka ba. Kuma akwai ramuka irin na ɗan'uwanmu: in kana aiki ƙarƙashin wani kamfani, inshorarsu na rufe ka ne lokacin da kake kan aikinsu. Ka cire bodi ka tafi gida da kan mota kaɗai, wannan wata takardar ce daban.

Tun Disamban 2017 kuma na'ura ce ke rubuta awannin tuƙi, awa 11 a cikin 14 sannan dole ka huta. Da farko na tsane ta. Amma ranar da wata ƙaramar mota ta yanko gabana ta taka birki, kyamarar gaban mota da na'urar nan su suka wanke ni. Ba don su ba, wa zai yarda da mai tirela?

Hajiya Mai Tireloli:
Kyamarar nan ni ma na sa wa duka motocina. Direbobi sun yi fushi mako biyu, ɗaya ma ya rataya mata hula. Yanzu su ke tuna mini in ta lalace.

Ɗalibin Ilimi:
A gafarce ni, ba a harkar nake ba, amma ina ganin akwai abin da ba a taɓo ba. Wasu na guje wa inshora ne ba don tsada ba, sai don shakkar halascinta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci akwai garari mai yawa a cikinta, wato rashin tabbas kan abin da kowane ɓangare zai samu, ta kuma halatta ta taimakekeniya a madadinta. Akwai malaman da suka saɓa, kamar Shaihu Mustafa Zarƙa na Siriya da ya ga halascinta. Ita ta taimakekeniyar ita ce takaful, kamfaninta na farko a Sudan aka kafa shi a 1979, Malesiya kuma ta yi mata doka a 1984. Mahalarta na zuba gudummawa a asusu ɗaya, wanda ya yi asara a biya shi daga ciki, kamfani ya karɓi ladan kula da asusun. Ko da ɗan'uwanmu can ya je, da abin bai zo masa haka ba?

Malam Mai Takarda:
Allah ya ƙara ilimi. Amsar ita ce da wuya ya tsira. Takaful ta bambanta a kan wa ke da asusun da yadda ake juya kuɗin da raba rarar, amma ita ma tana tambayar darajar mota, ita ma tana da sharuɗɗa. Hasali ma a can in ka rubuta 60 a kan motar 100, 'yan'uwanka mahalarta ka rage wa.

Baba Gingimari:
Duk na ji. Amurka, Janiba, Sudan. Ni dai shekara goma sha ɗaya da motata ban ba kowa kuɗin cikakkiya ba. Ku lissafa abin da na tara. Da na ba su, da yanzu ya sayi rabin wata motar. Wa ya fi wani wayo?

Malam Mai Takarda:
Baba, lissafinka daidai ne, kuma ba zan ce ka yi wauta ba. Abin da kake yi manyan kamfanonin jigila ma suna yi: mai mota ɗari biyu ya san kusan nawa za su yi haɗari a shekara, sai ya ɗauki ƙananan asarori da aljihunsa, ya sayi inshora don manya kawai. Kai ma motarka ta tsufa, babu bashi a kanta, in ta ƙone ka san iyakar abin da ka rasa. Yaron nan kuwa motarsa ɗaya, kuma rabinta ma ba tasa ba ce. In ta ƙone ƙurmus ba shi da mota, ga bashi.

Inda nake jin tsoro a kanka wani wurin ne. Asarar motarka tana da iyaka, kuɗin motar. Abin da motarka za ta iya yi wa wasu ba shi da iyaka. Tan arba'in in birki ya tsinke a gangare, gaba kuma ga motar fasinja. Dalilin da ya sa Birtaniya ta tilasta wannan inshorar tun 1930 ke nan, ƙasashe suka bi, saboda wanda aka kaɗe ba shi ya zaɓi motar da za ta kaɗe shi ba. Ita wadda kake yanka don masu duba takardu, ka taɓa karanta iyakar abin da take biya a kan dukiyar mutane? Ka tabbatar ma kamfanin ya san da ita? Na sha ganin wanda ya zo da takarda mai tambari da hatimi, muka duba babu lambarta a ko'ina. Dillalin bakin titi ya buga masa ita ya cinye kuɗin.

Baba Gingimari:
Allah ke tsarewa.

Ɗalibin Ilimi:
Haka ne Baba, amma ai an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Baba Gingimari:
Kai ɗalibi, raƙumina ɗaure yake tun ba a haife ka ba. Malam, ita lambar a ina ake duba ta?

Malam Mai Takarda:
Kira kamfanin da sunansa ke jikin takardar kai tsaye, ba ta hannun wanda ya sayar maka ba, ka karanta musu lambar da lambar motarka. Ƙasashe da dama kuma suna da rumbun bayanai a intanet da za ka sa lambar mota ka gani. In kana tsallaka iyaka, tambayi katin inshorar yankin: Turai na da kore, Afirka ta Yamma ruwan ƙasa tun yarjejeniyar 1982, ƙasashen COMESA, ƙungiyar kasuwanci ta Gabashi da Kudancin Afirka, rawaya. Takardar gida kaɗai na iya zama banza da zarar ka wuce shinge.

Hajiya Mai Tireloli:
Mu koma kan mai matsalar, an bar shi a tsaye. Ƙanena, kada ka sa hannu a takardar karɓar kuɗin nan tukuna, yawanci a jikinta akwai layin da ke cewa ka yafe duk wani sauran haƙƙi. Nemi su ba ka lissafin a rubuce, layi-layi. Inda za ka iya ja da su shi ne darajar motar: su ma 100 ɗin ƙiyasi suka yi. In ka kawo shaidar cewa irinta mai wannan shekaru da wannan kilomita 85 take, kasonka ya tashi daga 60 cikin 100 zuwa 60 cikin 85. Samu mai ƙiyasi mai zaman kansa. Sannan je banki da ƙafarka kafin 28, da hotuna da rahoton 'yan sanda, ka nemi a ɗaga maka wata biyu. Wanda ya zo da kansa da wanda aka nemo ba kallo ɗaya ake yi musu ba. Ka kuma tambaya ko sunan bankin na jikin inshorar, domin in yana ciki kuɗin diyyar na iya bi ta hannunsu.

Mai Mota Ɗaya:
Na gode ƙwarai, Hajiya. Sunansu na ciki, yanzu na gani. Malam, wani abu kuma. Na koma cikin tsofaffin saƙonnina na WhatsApp, na samu muryar dillalin ta wata goma sha huɗu da suka wuce. Da bakinsa yake cewa in rubuta daidai bashin banki, "babu abin da zai canza in an yi haɗari, za su biya ka gyara duka". Daƙiƙa arba'in da ɗaya. Yana da amfani?

Malam Mai Takarda:
Kada ka goge, kada ka tura masa, kada ma ka gaya masa kana da ita. Kwafe ta wuri biyu yau ɗin nan. Sannan gano mini abu ɗaya: wakilin kamfanin ne, ko dillali mai lasisin kansa? In wakilinsu ne, maganarsa na iya hawa kansu. In mai zaman kansa ne, a ƙasashe da yawa doka na tilasta wa irinsu yin inshorar kuskuren sana'a, saboda irin wannan ranar. Ba na yi maka alkawarin komai, domin kai ka sa hannu a kan 60 ɗin kuma za su faɗi haka. Amma yanzu kana da abin da za ka kai wa lauya, da kuma hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora a ƙasarku, in ƙorafin cikin gida bai yi ba.

Baba Gingimari:
To ashe shi ma dillalin da inshorarsa. Allah ya sa shi ma 60 ya rubuta.

Oga Bakanike:
Alhaji, kafin su gama shari'arsu, turo mini hoton kan motar ta gaba da ta ƙasa, musamman shasi wajen da sifirin gaba ya kama. In shasi bai karkace ba, kada ka bari mai walda ya yi wata biyu yana buga wannan kan, nemo na gwanjo a ɗora, kwana goma ta tashi. Amma kada a taɓa ko ƙusa ɗaya sai mai ƙiyasin da Hajiya ta ce ya zo ya gani da idonsa. Kuma fasasshiyar tayar tana ina?

Mai Mota Ɗaya:
Tana cikin bodi, yaron motar ne ya jefa ta ciki wai zai sayar wa masu takalmi.

Oga Bakanike:
Karɓe ta a hannunsa yanzu. In ƙarfe ne ya huda ta, wurin zai nuna.